Rasuwar Karsana, Rautar Gidan Alhaji Bubayero

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da ya fi baƙin cikin ci, Hajiya Barira ta gidan marigayi Alhaji Bubayero, fatoman shanu a Rumuokoro cikin Fatakwal, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da waɗanda ba 'yan'uwa ba, ba kuma abokan arziki ba, amma kullum suna manne da katangar gidan, rasuwar rautarta, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, wadda kowa ya sani da suna Karsana. Ta cika da safiyar Asabar ana yayyafi, a kulle cikin akwatin ƙarfe, a kan firizar nama, bayan doguwar jinyar da ba ita ta jawo wa kanta ba.

Hadijatu, ƙanwar Hajiya, wadda ta rufe rumfarta a kasuwar Head Bridge ta zo taya yayarta zaman takaba, ita aka ɗora wa tsara wannan sanarwa. Hajiya ta ce a sassauta harshe, an kuwa sassauta iyakar abin da zai yiwu. Duk wanda ya ga har yanzu da zafi, to ya gode Allah bai ga rubutun farko ba.

Wanda bai san gidan ba zai ce wace irin mata ce za ta yi makokin roba da waya. To ga dalili. Hajiya tana cikin takabar mijinta, ba ta da halin tafiya ko nan da Elele, balle Arewa. 'Yarta tilo, Ihsan, tana aure a Gombe da cikin fari. Da Alhaji yana raye, gida za ta zo goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, uwar ta ɗora tukunyar wankan jego da hannunta. Rasuwarsa ta wargaza wannan shiri duka. Abin da ya rage wa Hajiya shi ne ta ga fuskar jikanta na fari ta kiran bidiyo, kuma babu mai iya kawo mata wannan fuska cikin ɗakinta sai Karsana. Gidan a kwari yake, sabis na waya ba ya shiga ɗakin Hajiya, ko kiran murya sai mutum ya fita tsakar gida ya tsaya jikin tankin ruwa yana ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa.

Marigayiyar ta shigo gidan shekarun baya a hannun Alhaji da kansa. Fara ce tas, ga ƙaho biyu a tsaye, shi ya sa yana fito da ita daga kwali ya ce wannan ai karsana ce, sunan kuwa ya bi ta. Ya kafa mata ƙusa can sama a falo, jikin tagar da ke kallon ƙarfen sabis, babu labule, babu kabet, babu abin da ya tare ta. Soket ɗinta nata ne ita kaɗai, ko cajin waya ba a yarda a haɗa da ita ba. Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci yakan kashe ta, ya goge mata ƙura da hankicinsa, ya bar ta ta huce har ya gama yanke farce, sannan ya kunna. In ta tashi takan yi 'yar ƙara, ƙit, ƙit, fitilunta su jeru kore shar, daga nan sai wani siririn zuuu da ba ka ji sai gida ya yi tsit. Iyakar maganarta ke nan a duniya. Ba ta taɓa kai gulmar wani ɗaki zuwa wani ba, ko da yake babu sirrin gidan da bai bi ta cikinta ba.

A wancan zamani in ka danna abu kafin ka ɗauke yatsa ya buɗe. Dillalan Alhaji sukan nuna masa bijimi daga kasuwar Mubi, ya duba tozo da kwiɓi da haƙori yana zaune kan tabarma a Fatakwal, ya ce a loda ko a bari. Ihsan takan kira daga Gombe, a ga har tabon lallen da ke farcenta.

Alhaji fatoma ne, gidansa masaukin fataken shanu ne, kuma mutum ne da bai san hana baƙo abu ba. In tirela ta iso, ruwa da tuwo da lambar sirrin Karsana tare suke fita zuwa ɗakin baƙi. Sai dai yana da tsari. Baƙi suna tafiya yake canja lambar, kamar yadda ake wanke kwanon da baƙo ya ci. Mabuɗin shiga cikinta a yi wannan canji kuwa shi kaɗai ya san shi, kuma da shi ya tafi kabari.

Akwai wani abu kuma, wanda masu cika baki a zaure ba su taɓa lura da shi ba. Ranar da aka kafa Karsana, Alhaji ne ya rubuta mata sunan da za ta riƙa fitowa da shi a wayoyi. Ya zauna da tabarau a kan hanci, da katon yatsansa na mai riƙe igiyar shanu, yana dannawa yana gogewa, har ya rubuta sunansa. Hajiya kuwa 'yar Gombe ce ta asali, duk tsawon zamansu bakinta bai taɓa furta wannan suna ba. In baƙuwa ta tambaye ta wanne za ta shiga, sai ta ce na maigidan. Bayan an kai shi, an raba tufafinsa, an ɗauke takalmansa daga bakin ƙofa, abu ɗaya ne bai canja ba. Kullum in ta idar da sallar asuba ta ɗauki waya, ga sunansa nan a sama, wayar tana gaya mata cewa tana haɗe da shi.

Yanzu mun zo kan ciwon ajali, kuma ba za mu ɓoye sunan ciwon ba. Sunansa Gimba.

Malam Gimba ƙanin marigayi ne, shi ya karɓi riƙon masaukin baƙi. Ba a gama naɗe tabarmin zaman makoki ba ya aiko a ciro Karsana daga falo, wai bai kamata maza su riƙa leƙowa wajen mai takaba suna neman sabis ba. Magana mai kyau a baki. Ya kai ta ɗakin baƙi can ƙarshen gida, bango uku na bulo tsakaninta da Hajiya. Da ya tuna fatake suna da dogon hannu, sai ya jefa ta cikin akwatin ƙarfe irin na kayan amaren da, ya lanƙwasa mata ƙaho don murfi ya rufu, ya huda gefe ya zaro waya, ya danna kwaɗo. Ya rasa inda zai ajiye akwatin duk faɗin gidan sai kan firizar da mahauta ke ajiye ragowar nama, ya cusa su soket ɗaya, ƙarƙashin rufin kwanon da ko ƙadangare ba ya iya takawa da rana. Malam Gimba, ko ɗan akuya ka yi wa haka ai hukuma ta shigo maganar. Abin da aka yi don ya watsa sabis cikin iska, ka rufe shi cikin ƙarfe, ka dafa shi da zafi, sannan kana tsaye kana zagin kamfani wai sun lalace.

Bai tsaya nan ba. Da ya gaji da amsa tambayar baƙi, sai ya ɗauki gawayi ya rubuta lambar sirrin ɓaro-ɓaro a bangon zaure, daidai inda duk mai wucewa a titi zai karanta ba tare da ya rage tafiya ba. Kafin sati ya zagayo, jikin katangarmu ya zama tasha. 'Yan okada suna jere kan baburansu, ba fasinja suke jira ba, ƙwallo suke kallo. Mai facin taya ya matso da kayan aikinsa. Mai shayi ya juyo da bencinsa ya fuskanci gidanmu, cinikinsa ya ninka, ko kofi ɗaya bai taɓa aikowa ba. Matar da ke gasa ayabar da suke kira bole da kifi a tsallaken titi, wadda ko gaisuwar rasuwa ba ta shigo ba, rannan ta ɗaga murya ta kan katanga tana cewa, "Hajia, una network no strong today o." Ƙorafi ta kawo wai sabis ɗinmu ba ƙarfi yau, jama'a. Ƙorafi, a gidan da ake takaba.

Ba za a rufe wannan babi ba sai an ambaci Hammadu direba, wanda in ya sauke shanu ba ya kwanciya sai ya jera finafinai masu dogon zango a waya, ya sa su sauka gaba ɗaya, ya tura wayar ƙarƙashin matashi ya hau munshari. Shi yana barci, wayarsa tana tatsar marigayiya har gari ya waye. Allah Ya ba ka abin da za ka kalla a hanya, Hammadu, mu dai mun ga namu.

Ciwo ya fara a hankali. Fitilar da take kore ta koma ruwan ɗorawa, wani lokaci ta yi ja tana ƙifta ido. Siririn zuuu ɗin nan ya zama gurnani. Ka danna abu, ɗan zoben nan ya hau juyawa, ka je ka yi alwala ka dawo yana nan yana juyi. Saƙon murya daga Gombe sai ka ɗora wake ka sauke bai gama shigowa ba. In an yi sa'a kira ya shiga, fuskar Ihsan takan daskare baki buɗe, murya ta iso gutsi-gutsi, uwa ta tambayi nauyin jiki, amsa ta zo bayan an shiga zancen yaji da kanwa. Hajiya takan tsaya bakin ƙofar ɗakinta ta miƙa waya ta wajen ɗakin baƙi, kamar mai roƙon wuta a maƙwabta. Tun da Alhaji ya rasu ba wanda ya kashe Karsana ta huta ko sau ɗaya, sai dai in an ɗauke wuta, shi ma kafin ta huce an tayar da janareto.

An kira mata likita. Na'Allah mai gyaran waya a mahaɗar Rumuokoro ya zo, ya ɗora tafin hannu kan akwatin ya janye da sauri. Ya tsaya bayan labulen falo, ya gaida Hajiya, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya faɗi magani. Ya ce a fitar da ita daga ƙarfe, a raba ta da firiza, a mayar da ita sama jikin taga, a miƙe mata ƙaho, a ba ta soket nata da na'urar daidaita wuta, a riƙa kashe ta tana hutawa. Amma ya ce duk wannan rabin magani ne muddin rabin Rumuokoro na rataye a wuyanta. Dole a canja lambar sirri, kuma tunda mabuɗin ya tafi da mai shi, hanya ɗaya ta rage. Akwai ɗan rami a bayanta, a zura tsinke a danna a riƙe, sai ta manta komai ta koma kamar ranar da aka fito da ita daga kwali.

Hajiya ta tambaya ko har da sunan. Ya ce har da shi, amma kada ta damu, shi zai sake rubuta mata shi daidai, harafi ba zai canja ba.

"Da hannunsa za ka rubuta?" in ji Hajiya.

Na'Allah ya tattara kayansa, ya ce duk ranar da ta shirya a aiko.

To ko rabin maganin ma ba a samu an ba ta ba, domin kwaɗo na hannun Gimba. Da aka aika masa, sai ya gyara hula ya hau wa'azi. Wai wannan lamba sadakar marigayi ce mai gudana, duk wanda ya shiga lada na isa kabarin yayansa, wanda ya canja ta ya yanke wa mamaci lada. Ba malamin da ya tambaya, shi ya yanke fatawarsa yana tauna goro. Ba mu san ladan da ke cikin ƙwallon 'yan okada da finafinan Hammadu ba, mun bar wa masana. Abin da muka sani shi ne marigayin da ake fakewa da shi, da hannunsa yake canja lambar nan duk bayan tafiyar baƙi. Da Hadijatu ta tuna masa haka, sai ya aiko da amsa cewa Hajiya ta yi zamanta a ɗaki, takaba take yi, ba ruwanta da harkar zaure. Hajiya ta haɗiye. Ba ta son a ce gawar mijinta ba ta huce ba ta fara faɗa da danginsa, kuma can ƙasan ranta tana tsoron in aka buɗe akwatin nan, maganar tsinke za ta dawo.

Ana cikin haka Allah Ya sauki Ihsan lafiya, namiji. Labari ya zo ta kiran murya a jikin tanki, Hajiya ta yi sujada a kan siminti jiƙaƙƙe. Sai dai a gidan mijin Ihsan akwai wata goggo, tsohuwa mai riƙe da jegon, wadda ta rantse ba mai ɗaukar hoton jaririn nan ya watsa shi duniya baki ya kama shi. An roƙe ta, an haɗa ta da girman Allah, an gaya mata halin da kakar yaron take ciki. Da ƙyar ta sauko. Ta ce ranar suna da safe, in an raɗa, za ta ɗaga shi gaban waya sau ɗaya kakarsa ta gan shi. Daga nan ta rufe, ba mai sake ganinsa a waya sai an yi arba'in. Ba ma zarginta. Ita aƙalla jaririn take karewa, ba fim ba.

Ranar jajibirin suna tireloli suka iso daga Arewa, ɗakin baƙi ya cika har baranda. Hajiya ta aika Hadijatu da ƙoƙon bara, ɗaki-ɗaki, benci-benci, har tsallaken titi, cewa don Allah gobe da safe kowa ya sauka daga kan Karsana na ɗan lokaci, za a nuna mata jika. Kowa ya ce to. Mai shayi ya ce ai wannan ba komai ba ne. 'Yan okada suka ce no wahala. Hammadu har da dafa ƙirji. Wallahi ko mutum ɗaya bai kashe ba. Waɗanda suka ji kunya suka tura waya aljihu, su a ganinsu sun sauka, alhali wayar tana can tana sabunta kanta, tana jan hotuna da bidiyon da aka turo cikin rukunonin da ko karantawa ba sa yi.

Da safe aka tashi da yayyafi, babu wuta, janareto na ta ruri. Hajiya ta yi wanka, ta sa fararen kayanta na takaba, ba kwalli, ba ɗan kunne, ta zauna bakin ƙofa da waya a hannu biyu. Kira ya shigo. Aka ji hayaniyar mata, aka ji guɗa ta yanke a tsakiya, aka ji muryar Ihsan tana cewa, "Umma, ga shi." Goggo ta fara ɗago yaron. Daidai nan hoto ya tsaya cak.

Abin da ya tsaya a fuskar wayar shi ne gefen farin shawul da ƙafa guda. 'Yar ƙafa ja, tafinta a tattare, babban yatsan ya ware daga sauran ya yi gefe. Duk wanda ya taɓa ganin Alhaji Bubayero ya tuɓe takalmi a ƙofar masallaci ya san wannan yatsa. Zoben nan ya hau juyawa a kan ƙafar. Hajiya tana kallo, tana jira hoton ya motsa ya hau sama zuwa fuska, bai motsa ba.

Sai ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo gwangwanin da ta zuba kayan adonta ranar da ta shiga takaba. Ta zaro ɗan kunne guda, ta miƙe ƙarfensa da haƙori, ta danƙa wa Hadijatu.

"Je ki danna," ta ce. "A goge."

Hadijatu ta san abin da aka ba ta. Ta kwasa da gudu cikin ruwa ba takalmi, ta tarar da Gimba a baranda yana karyawa da baƙi. Ta ce makulli. Ya ce ta gaishe shi tukuna. Ta gaishe shi. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya ce ko yana cikin rigar jiya, ya tambaya wai me ake gaggawa. Tana tsaye da ɗan kunne a hannu, sai unguwa ta ɗauki ihun an kawo wuta. Mutumin da ya kasa samun makulli, sai ga shi ya yi tsalle ɗaya kamar saurayi ya kai ga abin sauya layi, don kada man janareto ya ƙone a banza, ya finciko shi ba tare da ya kashe komai ba. Firiza ta yi wani irin nishi ta girgiza. Daga cikin akwati aka ji ƙit, sannan tas. Wari irin na ƙonanniyar roba ya biyo ramin waya ya fito.

A can bakin ƙofa, Hajiya tana riƙe da waya ta ga ƙafar ta ɓace. Ta duba sama inda sunan yake zama, shi ma babu. Ta shiga jerin sunayen da waya ke nunawa, ga na otal, ga na shagon magani, ga wasu da ba a san masu su ba, na maigidan ne kawai babu. Ta yarda ta ba da sunan don ta ga fuskar, aka karɓe duka biyun, ba a ba ta ko ɗaya ba.

Ba ta yi kururuwa ba, ba halinta ba ne. Da Hadijatu ta dawo, ta karɓi ɗan kunnenta ta mayar cikin gwangwani. Ta yafa mayafi ta fita jikin tanki, ruwa na sauka a kanta, ta kira Gombe da murya. Mijin Ihsan ya ɗauka, ya ce Goggo ta ɗaga shi har hannunta ya gaji, ta ɗauka an gani, ta mayar ta rufe. Ya ce ta yi haƙuri. Sannan ya ce, "Umma, an mayar da sunan Baba."

Hajiya ta ce, "Allah Ya raya mini maigida."

A daidai wannan lokaci Hammadu ya leƙo tsakar gida yana tambaya wa ya taɓa netwok, saura kaɗan fim ɗinsa ya gama sauka. Abin da Hadijatu ta gaya masa yana cikin abubuwan da Hajiya ta sa aka cire daga wannan sanarwa.

Marigayiya Karsana ta rasu ta bar Hajiya Barira, wadda ita kaɗai ta san abin da ta rasa. Ta bar waya ɗaya ta caji da ta ƙone tare da ita, da ƙusa a jikin tagar falo da har yau ba a cire ba. Ta bar firiza, abokiyar zamanta ta dole, wadda ke nan garau tana nishi kamar ba da ita aka yi ba. Ta bar marayu masu yawa a jikin katanga, waɗanda tun ranar Asabar suke zagaye gidan suna ɗaga waya sama, suna karanta lambar gawayi suna sake shigarwa ko Allah zai sa. Ta bar Malam Gimba, wanda ya gano makullin da la'asar a cikin hular da ke kansa, kuma har yanzu yana gaya wa mutane kayan zamani ne ba su da ƙarko.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Ba wanka, ba sallah, domin ba ta cikin waɗanda ake yi wa. Na'Allah ya duba gawar ya tabbatar ba ta tashi, ya nemi a ba shi ya ciri abin da zai yi amfani, Hajiya ta ce a'a. An miƙe mata ƙahonta, an goge ta da hankicin Alhaji, an naɗe ta a ciki, an ajiye ta a kabet ɗin Hajiya kusa da tabaransa. Akwatin ƙarfen an mayar wa mai shi, yana iya shiga ciki ya ji yadda ake ji.

Za a karɓi gaisuwa daga mata a falo, bayan la'asar. Duk wanda wayarsa ta taɓa sanin lambar da ke bangon zaure, an yafe masa zuwa, ya yi addu'arsa daga inda yake. Bangon ma an wanke shi da soso. Masu tambaya ko za a kawo wata, e, za a kawo. Za ta hau ƙusar nan ta jikin taga, ita kaɗai a soket ɗinta, za ta huta duk Juma'a, lambarta kuma tana cikin kan mutum ɗaya, mutumin da ya shekara talatin yana riƙe suna a baki bai furta ba. Ku gwada sa'arku.

Ba za a yi sadakar uku ba, ba za a yi ta bakwai ba. Arba'in kam za a yi, amma ba a Fatakwal ba. Kafin lokacin Hajiya ta fita takaba, kuma ta riga ta sa an kama mata kujerar gaba a motar Gombe. Hadijatu ta tsokane ta cewa in ta isa gidan cike da matan jego da 'ya'yansu, yaya za ta gane nata, ita da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Hajiya ta ce kada wanda ya nuna mata. A jera su duka a kan gado, a rufe musu fuska in an ga dama, a buɗe mata ƙafafu kawai.